Tambayoyi da amsoshi kan gyara da rubuta manhaja a tsofaffin kwamfutocin IBM PC masu aiki da DOS

Wannan shafi ya shafi kwamfutar IBM PC samfurin 5150 da ta fito a watan Agustan 1981, da XT ta 1983, da AT ta 1984, da kuma ire-irensu da wasu kamfanoni suka kwaikwaya har zuwa zamanin 386 da 486. Umarnin DOS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da injin, da saƙonnin kuskure an bar su yadda injin yake nuna su, domin haka za ka gan su a allo, haka kuma za ka buga su.

Na samu tsohuwar kwamfuta. In jona ta da wuta kai tsaye?

A'a. Fara da juya ta ka karanta rubutun da ke jikin akwatin wutarta. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka yana shan wuta 115 ne, alhali wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Akwatin wutar AT da na yawancin kwaikwayonta suna da ɗan jan makunni a baya da ake turawa tsakanin 115 da 230. Na 5150 ɗin Amurka ba shi da wannan, dole sai da taransifoma mai rage wuta. Wanda ya jona ba tare da ya duba ba, ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi.

Bayan haka buɗe murfi ka leƙa. Nemi tsatsa, kumburarriyar kafasita, kashin ɓera, da shuɗin gari ko fari a kusa da batir. Ka danna kowace aisi, wato ƙaramar baƙar na'ura mai ƙafafu jere, da ke zaune cikin soket da babban yatsa har ka ji ta zauna. Zafi da sanyi na shekaru suna ɗaga su sannu a hankali daga mazauninsu, kuma wannan dannawa kaɗai tana tayar da injuna da dama da aka ɗauka sun mutu.

Na kunna, fanka ta ɗan motsa ta tsaya, babu komai a allo. Me ya faru?

Galibi akwai inda wuta ta haɗe, akwatin wuta kuma ya kashe kansa don kada ya ƙone. A 5150 da XT, wanda aka fi kamawa da wannan laifi shi ne ƙananan kafasitocin tantalum, masu kama da ɗigon fenti, da ke kan layin wuta na volt +12 da na volt -12. Idan suka tsufa sai su zama kamar waya miƙaƙƙiya, wani lokaci ma su fashe da tartsatsi.

Hanyar kamo shi ita ce ragewa. Kashe injin, cire dukkan katuna, cire wayar wutar na'urorin faifai, ka bar babban allo (faffaɗan allon cikin injin da katuna ke shiga) da lasifika kawai. Kunna. Idan fanka ta ci gaba da juyawa kuma ka ji ƙara doguwa ɗaya da gajeru biyu, babban allo yana da rai, kukan rashin katin hoto yake yi. Sai ka riƙa mayar da katunan ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta kafin kowanne, har ka kai ga wanda ya sake tsayar da fankar. Idan kuwa babban allon ne da kansa, cire wayoyin wutarsa ka auna da mita tsakanin kowane layi da ƙasa. Layin da ya nuna kusan sifili, a kansa mugun yake. Cire kafasitocin layin ɗaya-ɗaya kana sake awo.

Wajen mayar da wayoyin wuta biyu na babban allo, P8 da P9, baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, baƙi kusa da baƙi. Suna iya shiga a juye idan aka matsa, kuma sakamakon ba ya gyaruwa da sauƙi. A kuma sani cewa wasu tsofaffin akwatunan wuta ba sa tashi idan babu abin da ke jan wutar, don haka kada ka yanke musu hukunci don ka gwada su su kaɗai.

Monita mai kwalba kuwa, kada ka buɗe ta idan ba aikinka ba ne. Tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket.

Me ƙararrakin farko da lambobin da ke fitowa suke nufi?

Duk lokacin da aka kunna injin, yana gwada kansa kafin ya nemi DOS. A na IBM, ƙara gajeriya ɗaya na nufin lafiya lau. Doguwa da gajeriya ɗaya, babban allo ne. Doguwa da gajeru biyu, katin hoto. Injunan da ke da BIOS (manhajar cikin babban allo da ke yin wannan gwaji) na kamfanin AMI ko Phoenix suna da nasu lissafin daban, kada ka fassara su da wannan.

Lambobin sun fi ƙara amfani. 201 ƙwaƙwalwar RAM ce, kuma lambobin da ke gabanta suna nuna jerin da kuma aisin da ta lalace. 301 kibod ne. 601 na'urar faifai ko katinta. 1701 babban faifai na ciki. A AT kuma, 161 da 162 da 163 duk labarin batir ne da saitin da ya ɓace tare da shi. Abu ɗaya mai ruɗi a 5150: idan lalacewar RAM a jerin farko take, injin ba ya iya ko da kokawa, shiru zai yi kamar ya mutu. Kuma 5150 tana gwada RAM ɗin ne ba tare da nuna ƙidaya ba, alamar rubutu kawai ke ƙiftawa, don haka ka ba ta lokaci kafin ka ce ta maƙale.

Kibod ɗina ya shiga ramin daidai amma 301 nake gani.

Kibod ɗin XT da na AT bakinsu iri ɗaya ne, zagayayye mai ƙafa biyar, amma yarensu daban. Na AT ba zai yi aiki a 5150 ko XT ba. Duba ƙarƙashinsa, da yawa daga cikin na ƙarshen shekarun 1980 suna da makunni mai rubutun X da A. A bayan 5150 kuma akwai rami na biyu mai kama da na kibod, na rikodar kaset ne. Idan akwai wata lamba gaban 301, maɓalli ne ya maƙale.

Zan iya haɗa kowace monita da kowane katin hoto?

Ba za ka iya ba, duk da cewa katunan hoto irin MDA da CGA da EGA duk bakinsu mai rami tara ne. Monitar IBM 5151 mai koren rubutu, ta katin MDA, tana aiki ne da saurin layi kusan kilohaz 18.4, CGA kuwa kusan 15.7, kuma haɗa su ba daidai ba na iya ƙona monitar. Sannan a 5150 da XT dole ka sanar da babban allo katin da ka saka, ta ƙananan makunnan SW1, na 5 da na 6. Duka biyu a OFF na nufin MDA. Na 5 a ON, na 6 a OFF, CGA ce mai harafi 80 a layi. Duka biyu a ON, kati mai nasa BIOS irin EGA ko VGA.

Kullum sai ta manta kwanan wata da saitinta.

Idan 5150 ce ko XT, ba mantuwa ba ce, ba su da agogo mai batir tun asali. Kowace kunnawa daga 1 ga Janairun 1980 suke farawa sai ka buga DATE da TIME. Daga AT ne aka saka agogo da ɗan ma'ajin saiti mai batir. Ita AT ta IBM ba ta da shafin saiti a cikin BIOS, sai da faifan saiti ake gaya mata irin na'urorin da ke jikinta.

Allunan 386 da 486 da yawa suna ɗauke da batir mai siffar ganga na volt 3.6 da aka liƙa da dalma. Wannan batir yana yoyo, ruwansa kuma yana cin siraran hanyoyin tagulla da ke kusa, musamman na bakin kibod. Yanke shi tun yau, ko da bai nuna alama ba. Inda ya zuba, shafa ruwan khal fari da tsohon buroshin haƙori, domin yoyon na ɗabi'ar kanwa ne, tsami ke kashe shi. Bi da ruwa mai tsabta, sannan sifirit na isopropyl, ka bar shi ya bushe sarai. Hanyar da ta yanke, a haɗa ta da siririyar waya. Idan kuma allon na da baƙin akwati mai rubutun Dallas DS1287, batir ɗin a cikinsa yake a rufe, sai dai a canza akwatin ko a fafe shi a jona sabon batir daga waje.

Fitilar na'urar faifai ta kama ta ƙi mutuwa.

Ka juya faffaɗar wayar. Gefen da ke da jan layi shi ne ƙafa ta 1, a bakin kati da bakin na'ura duka. Kada ka saka faifai mai muhimmanci kafin ka gyara, domin a wannan hali na'urar na iya gogewa. Na'urar da ke bayan murɗin wayar, a can ƙarshe, ita ce A.

Me ya sa faifan da na rubuta a wannan injin ba ya karantuwa a wancan?

Nan ne aka fi asarar aiki, don haka a tsaya a fahimta. Faifan inci 5.25 iri biyu ne da ido ba ya bambance su da sauri. Na 360KB yana da layuka 40 a kowace fuska. Na 1.2MB, wanda ya zo da AT, yana da 80 a fili ɗaya, don haka kan na'urarsa ya fi siranta. Idan na'urar 1.2MB ta yi rubutu a kan faifan da na'urar 360KB ta riga ta rubuta, sai ta ja siririn layi a tsakiyar faffaɗan tsohon layi, ta bar tsohon rubutu a gefe da gefe. Ita za ta karanta abinta lafiya. Amma da ka mayar da faifan na'urar 360KB, faffaɗan kanta zai ɗauko sabo da tsoho a cakuɗe, sai ka ga "Data error reading drive A". Ƙa'idar ita ce: faifan 360KB, a karanta shi a ko'ina, amma a rubuta masa a na'urar 360KB kaɗai. Idan tilas ta kama, ɗauki faifan da ba a taɓa rubuta masa komai ba ka buga FORMAT A: /4.

Kada kuma ka shirya faifan 1.2MB a matsayin 360KB ko akasin haka. Shafen maganaɗisunsu daban ne, ko ya karɓa yau, zai zubar gobe.

Kafin ka saka tsohon faifai, juya shi da yatsa ka duba ta tagar. Idan ka ga tabo-tabo fari, fumfuna ce, za ta manne wa kan na'urar ta kankare duk faifan da ya biyo baya. Ana goge kan da auduga mai tsinke da aka jiƙa da isopropyl, a hankali, ba tare da ɗaga kan sama da ƙarfi ba. Batun kariya daga rubutu ma a juye yake tsakanin iri biyu: a na inci 5.25 rufe tsagar gefe ke kare faifai, a na inci 3.5 buɗe ramin kusurwa ke kare shi.

Ta ce "Non-System disk or disk error", ko kuma ta faɗa cikin BASIC.

Ta nemi DOS ba ta samu ba. Duba ko ka bar faifan aiki a A. Faifan da zai tayar da injin sai yana da ɓoyayyun fayiloli biyu, IO.SYS da MSDOS.SYS, ko IBMBIO.COM da IBMDOS.COM a PC DOS, tare da COMMAND.COM. Kwafa su da COPY ba ya wadatarwa. Yi amfani da FORMAT A: /S ga sabon faifai, ko SYS C: ga wanda ke da kaya a ciki. Faɗawa cikin BASIC, wato yaren rubuta manhaja, kuwa halin injunan IBM na asali ne, suna da BASIC a cikin ROM, can suke komawa idan babu faifai.

Babban faifan ciki yana juyawa amma ba ya karantuwa. Ya mutu ne?

Ba lallai ba. Faifai irin ST-412 mai 10MB ko ST-225 mai 20MB yana tafiya ne da katin da aka shirya shi da shi. Idan aka canza kati, ba zai karantu ba sai an sake shiri daga tushe, wanda ke goge komai. Saboda haka idan bayanan ciki kake so, kada ka raba faifai da katinsa. Idan injin kawai kake so ya tashi, a katunan Western Digital da yawa ana shiga DEBUG a buga G=C800:5, sai shirin tushe ya fara. Bayansa FDISK, sannan FORMAT C: /S. DOS 3.3 ba ya wuce 32MB a kaso ɗaya.

Waɗannan faifan ba sa janye kansu gefe idan an kashe wuta, sai an gudanar da manhajar PARK kafin a ɗaga injin. Ga wanda zai yi amfani da injin yau da kullum, katin XT-IDE da katin CompactFlash ya fi kwanciyar hankali.

Na goge fayil bisa kuskure.

Daina rubuta komai a faifan. DOS ba ya share abin da ke ciki, harafin farko na sunan kawai yake canzawa, ya kuma saki wurin. UNDELETE na DOS 5.0 zuwa sama zai tambaye ka harafin farkon ya dawo da shi. Ka nisanci RECOVER duk da kyan sunansa: idan ka gudanar da shi a kan faifai gaba ɗaya, zai mayar da sunayen fayilolinka lambobi.

Ina da RAM 4MB amma manhaja na cewa ƙwaƙwalwa ba ta isa ba.

Manhajar DOS tana zaune ne a cikin 640KB na farko, komai yawan abin da ke sama. Aikin shi ne kwashe DOS da direbobi daga wannan fili. A 386 zuwa sama da DOS 5.0 ko 6, saka waɗannan a farkon CONFIG.SYS:

DEVICE=C:\DOS\HIMEM.SYS
DEVICE=C:\DOS\EMM386.EXE NOEMS
DOS=HIGH,UMB
FILES=30

HIMEM.SYS dole ya riga EMM386. Sauran direbobi a ɗora su da DEVICEHIGH, na cikin AUTOEXEC.BAT kuma da LH. Buga MEM /C ka ga wa ya ci nawa. Idan manhajar tana neman irin ƙarin ƙwaƙwalwar da ake kira EMS, canza NOEMS zuwa RAM. A 286 EMM386 ba ya aiki, HIMEM da DOS=HIGH kaɗai za ka samu. Idan gyaran ya hana injin tashi, a DOS 6 danna F5 da zarar ka ga "Starting MS-DOS" don tsallake fayilolin biyu, ko F8 don bin su layi-layi. A DOS 5.0 babu wannan, ka tanadi faifan tayarwa kafin ka taɓa komai.

Linzamin kwamfuta yana tsayawa idan modem ya fara aiki.

Suna rabon layin IRQ ɗaya, wato layin da na'ura ke kiran hankalin injin da shi. Daga cikin bakunan da ake jona su, COM1 da COM3 duk IRQ 4 ne, COM2 da COM4 duk IRQ 3. Saka ɗaya a COM1, ɗayan a COM2. Katin sauti a IRQ 5 kuma zai yi karo da babban faifai a XT.

Na kwafi manhajar BASIC daga takarda, ta ƙi aiki. Daga ina zan fara?

Daga lambar layin da ta ambata: LIST 250, ka gwada da takarda harafi-harafi. Harafin O da sifili, ƙaramin l da 1, waƙafi da aya, su ne suka fi yawa. Sai dai ba kullum laifin ke layin da aka ambata ba. "Out of DATA" layin READ yake nunawa, alhali a layukan DATA ne ka tsallake lamba ko waƙafi.

A GW-BASIC, idan ka gyara layi a allo, sai ka danna Enter a kan layin gyaran zai shiga. Buga lambar layi ita kaɗai da Enter yana goge layin. TRON yana nuna lambar kowane layi da ake bi, TROFF ya kashe shi. Abin da ya fi shi amfani shi ne saka STOP a inda kake zargi, ka buga PRINT X don ganin abin da X ke riƙe da shi, sannan CONT. Da ka taɓa layi ɗaya, duk ƙimomin sun goge, CONT zai ce "Can't continue".

Riƙa ba layuka lamba goma-goma don samun wurin cusa sabo, RENUM zai daidaita su tare da GOTO ɗinsu. Ka adana da SAVE "SUNA",A domin fayil ɗin ya zama rubutu da QBasic da kowace manhajar rubutu za su buɗe.

Lissafin kuɗi yana fitowa da kuskuren kwabo.

Ma'ajin lamba na yau da kullum a BASIC lambobi kusan bakwai kawai yake riƙewa. Saka masa 1234567.89, kwabbai sun tafi. Ƙara # a ƙarshen sunan, kamar KUDI#, ka samu lambobi kusan 16. Ko da haka, 0.1 ba ya rubutuwa cif a lissafin injin, don haka kada ka gwada lambobi masu ɗigo da alamar daidai. Yi lissafin duka da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ka raba da 100 wajen nunawa da PRINT USING. Ma'aji mai % kuwa daga -32768 zuwa 32767 ya tsaya, wuce nan "Overflow" ne.

"Subscript out of range" na nufin jerinka ya wuce 10 ba ka yi DIM ba, ko ya wuce abin da ka yi wa DIM. "Out of memory" a ƙaramar manhaja kuwa yawanci fita ake yi daga GOSUB da GOTO maimakon RETURN, adireshin komawa yana taruwa har wuri ya cika.

Ta yaya zan sa ta yi sauri, kuma me ya sa wata ke gudu fiye da kima?

DEFINT A-Z a layin farko shi ne mafi arha, domin 8088 ba ya da sashen lissafin lambobi masu ɗigo. Fitar da duk lissafin da ba ya canzawa daga cikin FOR. Idan manhaja mai sarrafa rubutu tana tsayawa cak na ɗan lokaci, BASIC ne ke share tarin tsofaffin rubutu, kiran FRE("") lokaci-lokaci yana sa sharar ta zama gajeriya. Don rubutu kai tsaye a allo, DEF SEG=&HB800 ga kati mai launi, &HB000 ga MDA. POKE 0,65 sannan POKE 1,31 zai sa farin A a kan shuɗi a kusurwar hagu ta sama. Kowane harafi gurbi biyu ne, kowane layi 160. Ka buga DEF SEG shi kaɗai idan ka gama. A katin CGA na IBM wannan dabara tana jawo ƙyalli kamar yayyafi a allo.

Mai gudu fiye da kima kuwa, an gina jinkirinta ne da FOR marar komai a ciki, wanda aka auna da saurin megahaz 4.77. Yi amfani da agogo: T=TIMER, sannan WHILE TIMER<T+1: WEND. Ka lura TIMER yana komawa sifili da tsakar dare.

Zan iya nuna ɓ, ɗ da ƙ a DOS?

Jadawalin haruffan IBM PC, mai lamba 437, ba shi da su, shi ya sa ake rubuta su ba lanƙwasa ko a raɓa musu alama a gefe. A EGA da VGA ana iya ɗora zanen harafi na kai. Zaɓi haruffa shida a jere da ba ka buƙata daga lamba 128 zuwa sama, uku ƙanana uku manya, ka zana kowanne a faɗin ɗigo 8 da tsayi 16 ga VGA, wato bayit 16. Ɗora su da kiran BIOS na INT 10h, AX=1100h, BH=16, BL=0, CX yawan haruffan, DX lambar na farko, ES:BP kuma adireshin zanen. Duk lokacin da manhaja ta canza yanayin allo zanen zai goge, sai an sake ɗorawa. Firinta ba ta san da wannan ba, ita ma sai an aika mata nata zanen, kuma firintocin allura irin Epson FX-80 suna karɓa. Idan ka kai fayil ɗin sabuwar kwamfuta, haruffan asali na waɗannan lambobi za su bayyana, don haka ka rubuta lambar da ka ba kowane harafi a takarda, ka musanya su da nema-da-canzawa bayan an kwafa.